Mi ya sa koko ke tsinkewa in cokali ya shiga baki?

Ɗiyar Ader:
Salamu alaikum jama'a, da fatan an tashi lahiya. Ni ɗaliba ce nan Tawa, bana ni ke jarabawar BEPC in Allah ya yarda. Kullum da sahe ni ke ba ƙanena koko, watanshi tara, kuma Inna na dama shi da kauri har cokali ya tsaya, amma ina hwara ba shi, cokali ya shiga baki ya koma kwano sau biyar sau shida, sai kokon ya tsinke ya koma ruwa tsululu alhali ban ƙara mishi ko ɗigon ruwa ba. Wanda ya rage cikin tukunya kuwa shina nan da kaurinshi, in ya huce ma ƙara daskarewa ya ke. Kakata ta ce koko in ya ji miyau to ya mutu. Satin jiya malaminmu na SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, ya rubuta amidon da anzim bisa allo, lokaci ya ƙare ban samu na tambaya ba. Akwai alaƙa? Don Allah a yi mini bayani da Hausa, da Faransanci hardacewa kawai ni ke.

Malam SVT Yamai:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kakarki ta yi gaskiya, kuma abin da kika gani cikin kwano shi ne darasin gaba ɗaya.

Fiye da rabin ƙwayar gero amidon ne, irin shi ɗaya da wanda masu guga ke sa ma shadda ta yi tauri. Ki ɗauke shi kamar carbi mai tsawon gaske, kowane ɗan carbi sukari ne da ake ce ma gulukos, C6H12O6, wato karbon 6, idirojen 12, oksijen 6. In an dama gari da tafasasshen ruwa, dogayen carbunan nan su kumbura su harɗe da juna su riƙe ruwa, kaurin koko kenan. To cikin miyau akwai wani anzim, wato sinadarin da ke gaggauta narkar da abinci, sunanshi amilaz, aikinshi tsinka zaren nan gunduwa-gunduwa, har ya kai ga ƴaƴa biyu-biyu da ake kira maltos. Guntaye ba su iya riƙe ruwa, sai ruwan da ke ciki tun farko ya saku.

Abin da ke ba ɗalibaina mamaki, anzim ba ya ƙarewa cikin aikin, ya yanka nan ya wuce gaba ya sake yanka, shi ya sa ɗan miyau na bayan cokali ya isa kwano guda. Kuma ya fi aiki wajen digiri 37, zafin jikin mutum, daidai ɗumin da ake ba jinjiri koko. In kika tafasa miyau ya daina aiki har abada, don anzim furotin ne, wuta na lalata siffarshi kamar yadda farin ƙwai in ya dahu ba ya komawa ɗanye. Tsamin ciki ma yana tsai da shi, sai a ƙaramin hanji wani amilaz daga pankireyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya ida aikin.

Irin anzim ɗin nan ne aka fara warewa a tarihi, 1833, wasu Faransawa biyu Payen da Persoz suka fidda shi daga tsiron sha'ir suka sa mishi suna diyastaz.

Ki gwada da hannunki. Kofi biyu na koko mai ruwa-ruwa, ɗaya ki tofa miyau ciki, ki aje su cikin ruwan ɗumi kamar rabin awa, sannan ki ɗiga ma kowane Bétadine, maganin wanke rauni, tunda iyod ke cikinta, shi kuwa in ya haɗu da amidon shuɗi baƙi ya ke komawa. Na gwaji ne fa, zubarwa za ki yi, kar kowa ya sha.

Hajiya Maman Biyu:
Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Ni aikin awon yara ni ke a wani ɗakin shan magani, kuma maganar ga ta shafe mu ƙwarai. Cikin jinjiri ƙarami ne. In koko ya yi kauri ba ya iya haɗiyewa, uwa sai ta tsuga ruwa, yaro ya cika cikinshi da ruwa, abincin kaɗan ne, ka ga yaro na sha kullum amma kilo ba ya hawa. Dabarar ita ce garin tsiro: a jiƙa gero a rufe shi kwana biyu ko ukku har ya tsira, a shanya ya bushe ƙarau a daka. Ƙwaya in za ta tsira ita da kanta ke yin amilaz don ta ciyar da ɗan tsiron. Ki dama koko da kauri, ki bari ya ɗan huce, ki barbaɗa ɗan garin ki motsa, a gabanki zai saki ba tare da ruwa ba, sannan ki mai da shi wuta ya tafasa kafin ki ba yaro. A haɗa da garin ƙuli-ƙuli ko na wake, don gero kaɗai bai wadatar ba.

Kuma don Allah ragowar da cokali ya shiga kar a aje ta sai rana, da zafin Tawa nan da nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa ciki.

Ɗan Abalak:
Malam a gafarce ni in sa baki. Mu kiwo munka tashi ciki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai da na shiga jami'a shi ne karan gero ma gulukos ne. Selulos sunanshi, ƴaƴan carbin iri ɗaya da na amidon, ƙullin da ke tsakaninsu ne dabam, kuma amilaz bai san wanga ƙulli ba, kowane anzim da abin da ya ke yanka. Saniya ma ba ta da anzim ɗin a jikinta, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke narka mata kara da ciyawa, ita tana tuƙa tana ƙara niƙe musu. Cikinta ɗaki huɗu, na raƙumi ukku. Da rani in na ga shanunmu na cin busasshen kara su kawo nono, wallahi har yanzu tsayawa ni ke in duba.

Ɗiyar Ader:
Na gode Malam, na gode Hajiya da yayana na Abalak, Allah shi saka da alheri. Na gwada yau bayan la'asar. Kofin da babu miyau ina ɗigawa ya koma shuɗi baƙi ƙirin kamar baba, ɗayan kuwa ɗan ja-ja ya yi, bai yi baƙi ba. Na yi na ukku da miyau da na tafasa cikin murhin gwangwani, shi ma baƙi ya yi. Inna na tsaye tana kallo, ta ce in jiƙa mata gero tiya guda gobe. Malam tambaya ta ƙarshe, dankali da ke ƙara zaƙi in an gasa shi cikin toka, shi ma amilaz ne?

Malam SVT Yamai:
Shi ne ɗiyata, dankalin na da nashi a jiki. Gashi a hankali na ba shi lokaci ya mai da amidon maltos kafin zafi ya kashe shi, shi ya sa na toka ya fi wanda aka jefa cikin tafasasshen ruwa zaƙi. Ki kai kofunan nan ukku aji ki nuna ma malaminku.