Me ya sa Turawa suka tashi daga Zungeru?

Jikan Mai Reluwe:
Assalamu alaikum. Kakana ya yi aikin reluwe a Zungeru, kuma har ya rasu bai daina kiran garin Dunguru ba. Watan jiya na je ɗaurin aure Wushishi, sai na ce ba zan koma Kano ban ga garin da ya cika mana kunne da labarinsa ba. Wani ɗan acaɓa ya kai ni inda ake cewa gidan Gwamna Lugga, wato Lugard, Baturen da ya fara mulkin Arewa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ginshiƙai ne kawai a tsaye cikin ciyawa, awaki na kiwo a gefe, ga gonar wani bawan Allah ta kusa cinye wurin. Na daɗe a tsaye ina tunanin wai daga nan aka taɓa juya Arewa gaba ɗaya. Don Allah masana, me ya kawo Turawa nan tun farko, kuma me ya kore su?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kakanka. Kogi ne ya kawo su. A wancan zamani babu titi babu dogo a Arewa, duk kayan Bature ta ruwa suke hawowa daga teku zuwa Lakwaja. Lugga ya fara zama a Lakwaja da Jebba, amma idonsa na kan Zariya da Kano da Sakkwato, sai ya nemi wurin da zai matso kusa da su ba tare da ya rabu da ruwa ba. Kogin Kaduna ya ba shi wannan dama, shi ne ya dawo Zungeru a 1902. Da yake jirgin ruwa ba ya iya ƙarasowa garin, sai suka shimfiɗa ɗan siririn dogo daga wajen Wushishi yana ɗauko kaya. Ka lura da shekarun: 1902 sun sauka, 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsu. A 1906 kuma daga nan aka tura sojojin da suka murƙushe tawayen garin Satiru da ke kusa da Sakkwato.

Tashinsu kuwa, dogo ne ya jawo. Da layin dogo ya kai Kano a 1911, kogi ya rage daraja. Ga zafi, ga sauro, Turawa na ta fama da zazzaɓi. Sai aka zaɓi Kaduna, wadda ke kan dogo kuma iskarta ta fi sauƙi, aka kwashe ofisoshi tsakanin 1916 da 1917.

Hajiyar Tudun Wada:
Malam ya gama magana. Abin da zan ƙara, har gada suka tafi da ita. Ƙaramar gadar ƙarfen nan da ke lambun Gamji a Kaduna, a Zungeru aka fara kafa ta a 1904. Na sha kai jikokina wurin da sallah, suna ta guje-guje a kanta, ban san daga inda ta fito ba sai da na karanta allon da ke jikinta.

Ɗan Masunta:
Yaya, ni haifaffen garin ne, kuma abin da ke ci mini rai shi ne kullum labarinmu daga Lugga yake farawa. Kafin ya zo akwai Gwarawa a nan suna noma da kamun kifi. Bayan ya tafi ma garin bai mutu ba, tashar jirgin ƙasa ta riƙe shi, ƙabilu suka cakuɗa. A nan aka haifi Azikiwe a 1904, mahaifinsa akawun gwamnati ne, kuma da Hausa ya tashi a bakinsa. Ojukwu ma a nan aka haife shi a 1933. Yanzu ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga madatsar ruwa ta wutar lantarki mai megawat 700. Mahaifina da komar kamun kifi ya ciyar da mu a kogin nan, yakan fita tun asuba ya dawo da ragon ruwa da karfasa cike da kwale-kwale. In ka sake zuwa ka neme ni, in kai ka maƙabartar Turawa da tsohuwar tasha.

Jikan Mai Reluwe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗan Masunta, in Allah ya yarda ina nan tafe bayan damina, kuma da hoton kakana a gaban tashar zan zo, ko za mu gane wurin da ya tsaya.