“Tafiya sannu-sannu kwana nesa”: jirgin Jidda ya kashe ta ne?

Ɗan Fagge: Jama'a, wannan karin maganar ai ta tsufa. Kano zuwa Jidda kilomita wajen 3,400 ne, jirgi ya cinye su cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Ka yi azahar a Kano, ka yi isha a Saudiyya. Mai sauri ne ya kwana nesa, mai sannu yana nan bai wuce Wudil ba.

Baba na Zinder: Yaro, masu maganar da ƙafa da jaki suka auna ta. Alhazan zamanin da, ta Borno suke bi, su ratsa Chadi da Darfur har tashar ruwa ta Sawakin a Sudan, sannan su haye Bahar Maliya. Wani sai ya tsaya ya yi noma, ya sami guzuri, ya ƙara gaba. Shekaru ake yi. Wanda ya ɗauko ta da gudu, jakinsa ne zai fara kwantawa. Wasu ma ba su dawo ba. Je ka garin Mai Wurno na Sudan, a bakin kogin Shuɗin Nilu, ka ji Hausa da Fulatanci.

Uwar Biyu: Baba, Allah ya ƙara girma, ni tun ina yarinya gatse na ɗauke ta: ka yi sanyin jiki, dare ya riske ka nesa da masauki.

Baba na Zinder: A'a 'yata, nesa da inda ka taso ake nufi. Yabo ne. Mai ɗan zagi a ciki ita ce “sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba”.

Malamin Lissafi: Ɗan Fagge, ka duba lissafinka. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. In kun tashi ƙarfe 2 na rana, sai wajen 9 na darensu za ku sauka, kafin a gama duba fasfo isha ta yi nisa. Kuma awa biyar ɗin ta miƙaƙƙiyar hanya ce. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka koma zagaye.

Uwar Biyu: Ni abin da ya fi dacewa da jirgi a wurina “hangen Dala ba shiga birni ba”. Shekarar da na sauke farali kwana biyu muka yi a sansanin alhazai, kullum sai a ce gobe. Da muka hango fitilun Jidda ta taga har wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ashe da sauran layi, da jiran kaya, da motar Makka.

Ɗan Fagge: To Hajiya, kwana biyu da awa biyar ai har yanzu ba su kai shekara ba.

Baba na Zinder: Ba su kai ba. Amma tambaye ta shekara nawa ta yi tana adashen kuɗin kujera.

Uwar Biyu: Bakwai, Baba. Har da ɗan kunnena na aure.