Satar kaya a shaguna: shawarwarin 'yan sanda da masu kanti na unguwa

Abin da aka fi nanatawa a zaman da 'yan sanda suka yi da masu kanti na unguwa shi ne, yawancin ƙararrakin satar kanti suna mutuwa ne saboda rashin hujja. Mai shago zai ce an ɗauke masa kaya, amma babu rasit, babu littafin lissafi. Don haka a riƙa ƙirga kaya masu tsada kullum kafin a rufe, irin su turare, madarar gwangwani da waya, a ajiye su bayan kanta.

An daɗe a kan batun kyamara. A kafa ta daidai tsayin fuska tana kallon ƙofa, domin wadda ke saman rufi hula kawai take ɗauka. Idan aka ɗauke wuta, agogon na'urar da ke adana bidiyon yakan rikice, sai lokacin da ke bidiyon ya saɓa da bayanin shaida. A haɗa ta da batir. Kuma na'urar tana shafe tsohon hoto da kanta idan ta cika, saboda haka a kwafe bidiyon a ranar.

Idan an kama mutum, kada a doke shi, kada a tara jama'a, don wanda ya yi duka shi ma zai fuskanci shari'a. A kira ofishin 'yan sanda ko lambar gaggawa ta 112, a rubuta sunayen shaidu.

'Yan sandan sun nemi a kai rahoto ko da sabulu ɗaya aka sata, domin da rahotannin ne DPO, wato shugaban ofishin 'yan sandan yankin, ke gane layin da ke buƙatar sintiri, musamman tsakanin magariba da isha, lokacin da ake barin yaro shi kaɗai a shago.