Wanda ya hau jirgin shaƙatawa yana da bakin cewa a rage kiɗa?

Auta: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Tun da muka dawo daga yawon shaƙatawa a tafkin Volta da ke Akosombo, nan Ghana, ake ta guna-guni a kan kiɗan cikin jirgi, har na ji wasu na cewa baɗi ba da su ba. Ga matsayina a fili: wanda ya ciro kuɗinsa ya sayi tikitin jirgin shaƙatawa ya san kiɗa zai tarar. Ba jirgin fito ba ne, ba kwale-kwalen masunta ba ne. Kiɗan yana cikin abin da aka saya, don haka mai son shiru ba shi da hujjar cewa a rage wa sauran jama'a.

Kawu na Nima: Wa alaikumus salam. Ni ne mai guna-gunin, Auta, ba sai ka sakaya ba. Ban ce a kashe kiɗa ba, cewa na yi a rage. Abin da ya fito da ni daga gida shi ne in nuna wa jikokina ruwan nan. An gama madatsar Akosombo a 1965, zamanin Nkrumah, ruwa ya taru ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tayar da mutane wajen 80,000 daga garuruwansu. Na so yaran su san akwai gonaki da kaburbura a ƙarƙashin inda muke wucewa. Jikana na zaune kafaɗa da kafaɗa da ni, ina magana yana kallon bakina, bai ji ko kalma ɗaya ba. Daga ƙarshe na haƙura na yi shiru.

Auta: Allah ya huci zuciyar Kawu. Amma da ka matsa can baya.

Kawu na Nima: Wane baya, ɗana? Na sauka ƙasa, lasifika na can. Na koma wajen cin abinci, tana can. Wannan ita ce maganar da nake so ku gane. Idan direban motar haya, tro-tro, ya cika maka kunne, kana iya cewa yaron mota ya sauke ka a mahaɗar gaba. Jirgi in ya bar gaɓa, ba ka da inda za ka sauka sai ya dawo. Wanda ya tara mutane a wurin da ba su da hanyar fita, shi ke da nauyin barin musu gefe guda da za su huta.

Mai Kayan Sauti na Mamobi: Ranka ya daɗe Kawu, ku bari in yi magana a matsayin wanda sana'arsa ke nan, don na ga ana neman ɗora wa DJ laifin duka. A fili, kan ruwa, ga iska ga ƙugin inji, kiɗa ba ya zama kamar a cikin ɗaki. In ka yi ƙasa da shi, matasa ne za su fara zuwa suna cewa yau ba ka ci abinci ba ne. Mai jirgi kuma ya ga filin rawa ba kowa, gobe ba zai kira ka ba. Sai dai abin da na gani ranar ba aikin gwani ba ne. Manyan akwatuna aka jibge wuri ɗaya ana so su kai har ƙarshen jirgi. A fili, duk lokacin da nisanka daga lasifika ya ninka, ƙarar na raguwa da kusan desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Kenan kafin na baya ya ji daɗi, na gaba ya sha wuya. Sannan aka ƙara jona wasu a hawan ƙasa a kan layi ɗaya, ba yadda za a rage nan a bar can. Da an raba layin, da Kawu ya samu wurin zama, Auta ya samu wurin rawa.

Anti Nas: Na gode da ka kawo lissafi, don har yanzu ana maganar kamar ta son rai ce kawai, wane na son kiɗa, wane ba ya so. Akwai cuta a ciki. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3, lokacin da kunne zai iya ɗauka sai ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. In aka kai 100, minti 15 ne. Kuma ba sai kana da na'ura ba. In mutum na tsaye nisan hannu ɗaya da kai amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji, to kun kai wajen 85 ko kun wuce. Kawu ya ce jikansa na jikinsa bai ji shi ba. Ku yi lissafin da kanku.

Auta: Anti, sau ɗaya fa a shekara. Kurma ake zama a yini ɗaya?

Anti Nas: Ba lallai a yini ɗaya ba. Amma gaya mini gaskiya, da ka kwanta a daren nan, kunnenka bai yi ta shuuu ba?

Auta: Ya yi, amma da safe ya daina.

Anti Nas: To wannan ƙugin shi ne kunne ke gaya maka an wuce masa iyaka. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu ɗan gashi-gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa, babu allura babu ƙwaya da ke dawo da shi. Kai kuma ba sau ɗaya ba ne a shekara: ga abin kunne da ke maƙale da kai kullum, ga bikin aure kowane ƙarshen mako. Taruwa abin yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan saurare. Shi ya sa a 2022 ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa da taruka: kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100 cikin kowane minti 15, a riƙa aunawa, a tanadi abin toshe kunne, a kuma ware wurin da babu ƙara inda mutum zai je kunnensa ya huta. Abin da Kawu ya nema kenan. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma goyon da na gani ne, uwa na rawa gaban akwati, jariri na bayanta. Shi wa ya tambaye shi?

Ɗan Jirgi: Gaisuwa ga iyaye. Sai yanzu na samu intanet. Ni a manyan jiragen yawon buɗe ido nake aiki, irin waɗanda wani lokaci kukan ga sun tsaya a Tema ko Takoradi, kuma zan ba Auta gaskiyarsa ta wani ɓangare. Kamfanoni da yawa shagalin suke sayarwa, kuma akwai fasinjan da in bai ji kiɗa a bakin wurin ninkaya ba zai ce an cuce shi. Amma ku dubi girman abin. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 daga Miami tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. A irin wannan, in nan ya dame ka sai ka hau wani bene. Duk da haka a jirgin da nake, ƙorafin da ba ya yankewa shi ne na mutanen da ɗakin kwanansu ya faɗo ƙarƙashin gidan rawa. Ba waƙar ce ke hana su barci ba, dukan gangar ne ke bin ƙarfen jirgi har cikin gado. Ka rufe ƙofa, ka toshe kunne, kana jin sa a ƙirji.

Sai abin da ba wanda ya ambata: mu. Fasinja na yin mako guda ya koma gida. Mai raba abin sha a gefen dandalin kiɗa wata da watanni yake tsaye a wurin, rana da dare, kuma ba zai toshe kunne ba tunda sai ya ji abin da baƙo ke so. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, tana da dokar ƙara a jiragen ruwa da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2014, ga sababbin jirage masu tan 1,600 zuwa sama. A babban jirgi, ɗakin kwanan ma'aikaci kada ya wuce desibel 55, ɗakin inji 110 kuma sai da kariyar kunne. Amma dokar ba ta shafi ɗakuna da wuraren fasinja ba, sai inda suka zama wurin aikin ma'aikaci. Na ɗakin inji kowa ya yarda yana cikin haɗari, ana ba shi kariya. Na gefen lasifika kuwa gani ake yi yana cikin daɗi. 'Yan matan da suka kawo muku shinkafa a jirgin Akosombo, duk ranar hutu suna can.

Auta: Yaya, wannan kam ban yi tunaninsa ba. Amma su ma aikin suka nema da kansu.

Ɗan Jirgi: Aiki suka nema, ƙanena, ba kurumta ba. Ga kuma maganar tsaro. Alamar gaggawa a jirgi busa ce gajera sau 7, doguwa sau 1, kuma dokar teku ta ce da an kunna ta kayan kiɗa su ɗauke da kansu. A manyan jirage haka aka haɗa wayoyin. Har kamfanin jiragen yawon buɗe ido na Carnival ya hana fasinjoji shiga da lasifikar Bluetooth. To akwatunan haya da aka ɗora a ƙaramin jirgi aka jona da janareto, wa zai kashe su in wani yaro ya faɗa ruwa ana ihu?

Malam: Allah ya saka da alheri. Ba zan shiga hukuncin kiɗa a nan ba, wannan zama ne na daban. Ko a kan ƙara kawai muka tsaya, addini bai bar mu ba jagora ba. A Suratu Luƙman, aya ta 19, an umarci mutum ya sassauta muryarsa. Kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ba a cutarwa, ba a ramuwa da cuta. Mun tsayar da azahar a jirgin nan, sahu na biyu ba sa jin kabbarar liman. Na aika a roƙa a dakata na minti kaɗan, aka ce to, aka rage, kafin mu yi sallama an mayar.

Direba na Sabon Zango: Allah gafarta Malam, ni tsorona daban ne. Mu yi hattara da wannan maganar ta ƙara. Ba mu manta 2018 ba, lokacin da ministan muhalli Farfesa Frimpong-Boateng ya kawo shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya ko WhatsApp. Yau mu ce kiɗan jirgi ya yi yawa, gobe a juyo kan lasifikar masallaci. Kuma mu faɗi gaskiya, mu da ke toshe layi a Nima da kanofi ranar aure ko suna, akwatuna har tsakar dare, da wane baki za mu yi wa mai jirgi faɗa?

Malam: Kiran salla minti nawa ne? Ba a haɗa shi da kiɗan yini guda. Amma rabin maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma ba ta wanke mai jirgi ba, mu ta kama. Ma'aunin EPA, hukumar kare muhalli ta Ghana, na unguwar zama desibel 55 ne da rana, 48 da dare. Wane biki namu ne ke kusa da wannan? Har wa'azin dare da ake sakar wa lasifika alhali maƙwabci na da marar lafiya, ban goyi bayansa ba, na kuma sha faɗa a kan mumbari. 'Yan ƙabilar Ga a nan Accra na hana kaɗe-kaɗe da hayaniya na kusan wata guda kowace shekara kafin bikinsu na Homowo, garin nan kuma bai mutu ba.

Auta: To ni har yanzu ban sauka daga kan maganata gaba ɗaya ba. Matasa ne suka fi yawa a tafiyar nan, kuɗinmu ne ya cika motoci biyu. In aka mayar da jirgin kamar zaman makoki, baɗi ba wanda zai biyo ku.

Kawu na Nima: Ba wanda ya nemi zaman makoki. Ku riƙe benen sama, ku yi rawarku. Ku bar mana ƙasa mu ji muryar juna.

Magajiya: To ya isa haka, tunda ni ke karɓar kuɗin. Kafin in ba kowane mai jirgi kafin alƙalami baɗi, sai ya amsa mini a rubuce: za a kashe lasifikar hawan ƙasa gaba ɗaya, za a dakata lokacin salla, kuma akwai wanda ke tsaye da ikon yanke kiɗa nan take in wani abu ya faru. In ya ƙi, mu ɗauki jirgi mu kaɗai ko mu canza wuri. Mai Kayan Sauti, za ka bi ni ka duba yadda suka jona wayoyinsu.

Mai Kayan Sauti na Mamobi: Na yarda, Hajiya. Amma a gaya wa matasa tun yanzu, kada a hau ruwa su zo suna matsa wa DJ ya ƙara. Kunnen DJ kansa gajiya yake yi bayan awa biyu, ya riƙa jin kamar kiɗan ya yi ƙasa, yana murɗawa sama bai sani ba. Alama zan sa a jikin na'urar, ba mai wuce ta.

Anti Nas: Kuma ba goyo ba ƙaramin yaro a benen sama. Zan zo da abin toshe kunne na soso, har da na ma'aikatan jirgin in za su karɓa.

Auta: Maganar yara na amince. Maganar alamar nan kuwa sai na ga inda za a sa ta tukuna.

Magajiya: Sai ka zo taron Lahadi bayan la'asar ka faɗa a gaban kowa.