Kabewar taliya na zubar da 'ya'ya

Tambaya: Assalamu alaikum. Me ke sa 'ya'yan kabewar taliya (kabewar da cikinta ke zare-zare kamar taliya) ruɓewa su zube tun suna kamar ƙwai?

Amsa ta 1: Wa'alaikumus salam. Galibi rashin barbara ne, ƙudan zuma sun yi ƙaranci. Furen mace yana da ɗan kumburi a gindi, na namiji siririn kara kawai. Da sassafe ka tsinko na namiji, ka fige shi, ka goga garin a tsakiyar na mace.

Amsa ta 2: Malam, duba bawon. In akwai ɗan huji, ƙuda ne ya yi ƙwai. Binne ruɓaɓɓun, ka rufe sauran da jakar takarda.

Amsa ta 3: Ban-ruwa kuma a yi shi a gindi, jiƙa ganye na kawo fumfuna.