Mun tashi da sassaucin ra'ayi a gidajen Hausawan Sudan: kowa ya faɗi abin da ya gani

Jikan Mai Wurno

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Duk lokacin da aka ɗauko maganar Hausawan Sudan, sai a tsaya a kan tarihin hijira ko a kan rikicin jihar Nilul Azraƙ, ba a cika jin waɗanda suka tashi a cikin gidajen nan da ra'ayin da ya saɓa wa na iyayensu ba, shi ya sa na ga ya dace in fara da nawa labarin.

An haife ni a Mai Wurno, kusa da Sinnar, garin da ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya yi gabas da jama'arsa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. A irin wannan gari addini shi ne dalilin kafuwar garin kansa, domin kakanninmu sun bar gonaki da kaburburan iyayensu ne don kada su zauna a ƙarƙashin Nasara, ko da yake, abin da ba mu cika faɗa ba, Nasaran suka sake tararwa a Sudan.

Ina da shekara 13 aka rataye malami mai ra'ayin sauyi Mahmud Muhammad Taha a kurkukun Kobar, ranar 18 ga Janairu 1985, bisa tuhumar ridda, bayan ya fito fili ya soki dokokin Satumba, wato dokokin shari'a da shugaban ƙasa Numairi ya kafa a 1983. Muna zaune a zaure muka ji labarin a rediyo. Na tambayi mahaifina yadda za a rataye tsoho mai shekara 76, mai salla, saboda takardar da jama'arsa suka raba. Na zaci zai kawo mini aya ko hadisi, amma sai ya jira baƙi suka tashi, sannan ya ce da ni cikin sanyin murya: “Mu da ake neman hujjar kora, ba mu ne za mu buɗe baki a kan wannan ba.” Na yi shekaru ina ɗaukar wannan magana a matsayin tsoro. Sai da na je jami'a a Khartum, na fara tsayawa a dandalin muhawarar ɗalibai tare da masu neman a raba addini da mulki, na ga waɗannan abokan gwagwarmaya suna kira na “ya Fallati” cikin raha, wato ɗan Fallata, sunan da ake kiran masu asalin Afirka ta Yamma da shi a Sudan, suna tambaya ta yaushe zan gasa musu agashe, wato tsire, sannan na fara gane abin da tsohon yake nufi. A gida ana ce mini shuyu'i, wato ɗan kwaminis, alhali ban taɓa shiga jam'iyyarsu ba, a jami'a kuma ni ne ɗan masu tsire. Ina so in ji ko wasu sun rayu a tsakanin waɗannan sunaye biyu.

'Yar Gadarif

Wa alaikumus salam, yaya. Na rayu a tsakaninsu, sai dai ga mace akwai suna na uku da ba zan rubuta shi a nan ba.

Ina makarantar sakandare a 2009 lokacin da aka kama 'yar jarida Lubna Husaini a Khartum saboda ta sa wando, a ƙarƙashin sashe na 152 na dokar laifuffuka ta 1991, wanda ya tanadi bulala har 40 ga shigar da ɗan sanda ya ga ba ta dace ba. Na ce a gidanmu wannan zalunci ne, sai mahaifiyata ta amsa da cewa ita Lubna tana da manyan lauyoyi da 'yan jaridar duniya a bayanta, amma idan 'yar Hausawa ta shiga hannu, sai dai a sha bulala a dawo gida a rufe baki. Gaskiya ta faɗa, domin kowa ya san waɗanda aka fi kwasa a motar 'yan sandan kula da ɗa'a su ne masu sayar da shayi da gyaɗa a bakin titi, galibinsu mutanen yammacin Sudan da na kudu da namu, ba 'yan matan manyan unguwanni ba. Amma daga wannan gaskiya ita ta ɗauki darasin cewa in ƙara lulluɓa da tobi, ni kuwa na ɗauki cewa dokar ce ya kamata ta tafi, kuma dokar kula da ɗa'ar ta tafi a Nuwamba 2019.

Kakata ce kaɗai take ɗan goya mini baya, kuma hujjarta kullum ita ce A'ishatul Fallatiya, 'yar malami daga cikinmu, wadda ta yi waƙa a rediyon Umdurman tun shekarun 1940, lokacin da ake ganin hakan abin kunya ne ga mace. Takan ce Sudan duka ta yi rawa da muryarta, amma ba a daina liƙa mata Fallata a jikin suna ba har ta koma ga Allah a 1974.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar aure. Wanda bai zauna a Sudan ba zai yi mamakin yadda ake rarraba launin fata da sunaye, a ce wannan rawaya ce, wannan koriya ce, wancan kuwa shuɗi ne, wato baƙi ƙirin, kuma kowace yarinya ta san inda take a wannan tsani tun kafin ta fara shafa man bilicin. Na yi shekara uku da wani abokin karatuna, mutumin kirki wanda muka yi zanga-zanga kafaɗa da kafaɗa, wanda gidansu cike yake da littattafai, 'yan'uwansa mata kuma suna tuƙa mota ba mai ce musu uffan. Da aka zo maganar tambaya, sai gwaggonninsa suka shiga bincike a kan kakar kakata, maganar ta mutu a nan, shi kuma bai iya yi musu musu ba. Na yi kuka, mahaifina ya ce ai ya faɗa mini. Ba a yi shekara biyu ba wani saurayi Musulmi daga Duwatsun Nuba, malamin makaranta, mahaddacin Alƙur'ani, ya zo neman ƙanwata, sai ga mahaifin nan nawa ya hana, kalmar da ya yi amfani da ita a kansa kuwa ita ce ainihin wadda aka faɗa a kaina. Ranar na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba, muka yi wata huɗu gaisuwa ce kawai take haɗa mu.

Ɗan Kambo

Ina gaishe ku duka. Ba don raina abin da kuka faɗa ba, amma sassaucin ra'ayinku na birni ne, mu namu ya fara ne daga ruwan sha.

Na tashi a kambo a Jazira, wato irin matsugunan leburori da ke gefen magudanan ruwa, inda mutanen yamma da Hausawa suka zauna suna tsinkar auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Kakana ya yi aiki a gonar wani, mahaifina ya yi aiki a gonar ɗan wannan mutum, amma filin da bukkarmu take a kai ba namu ba ne, wutar lantarki tana wucewa ta kanmu zuwa ƙauyen masu gonaki, mu kuma muna shan ruwan magudana tare da jakuna, tsargiya kuwa ta zama kamar gado. A makarantar ƙauyen da nake takawa kullum, babu wanda ya rubuta doka cewa 'yan kambo su zauna a baya, amma a bayan muke zama.

Da na isa neman jinsiyya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa, sai da na yi sintiri sau biyar, ana cewa in kawo dangin uba masu takarda su yi mini shaida, yayin da abokin karatuna ya faɗi sunan ƙabilarsa kawai aka buga masa tambari. Daga baya na gano tushen abin: dokar 1957 ta ɗauki ɗan ƙasa na asali a matsayin wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897, wato shekara shida kafin Burmi, sai dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1956. Doka ta sauya, amma idon ma'aikacin da ke bayan tebur bai sauya ba. Saɓanina da dattawanmu shi ne, su suna cewa a yi haƙuri a roƙi masu gari, ni kuma na shiga cikin matasan da ke cewa mu haɗa kai da Fur da Tama da Masalit na sauran kambo mu nemi fili da makaranta a matsayin haƙƙi. Limaminmu ya ce ina so in haɗa mu da 'yan tawaye. Ban taɓa barin salla ba, amma tun daga ranar aka daina ba ni ladanci.

Malamin Halwa

'Ya'yana, na karanta abin da kuka rubuta, kuma Allah ya sani akwai gaskiya a ciki, musamman maganar ɗiyata ta Gadarif a kan saurayin ƙanwarta, domin abin da mahaifinta ya yi jahiliyya ce, ba addini ba ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa a Hajjin Bankwana cewa Balarabe ba shi da fifiko a kan wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa. Abin da nake so ku yi wa iyayenku adalci a kai shi ne wannan: a ƙasar da aka hana su fili da sarauta da takarda, allo da tawada ne kaɗai suka sa wanda ke zagin su da rana ya zo da dare ya durƙusa yana neman addu'a. Idan kuka ce su sassauta, a kunnensu kuna cewa su ajiye abu ɗaya tak da ake girmama su dominsa. Me za ku ba su a madadinsa?

Baƙon Kano

Allah ya gafarta Malam, ni baƙo ne a wannan magana, haifaffen Kano ne, karatu ya kai ni Khartum na shekara huɗu. Abin da na gani da idona shi ne, muddin na nuna fasfo ɗina na Najeriya, ana karɓa ta da shayi da fara'a a matsayin ɗalibin ilmi, amma ranar da na shiga kasuwa da wani Bahaushe haifaffen Kasala muna hira da Hausa, sai ya roƙe ni mu koma Larabci kafin mu isa rumfar da za mu yi ciniki. Na ji haushinsa a lokacin, na ɗauka yana kunyar harshensa ne, ban yi tunanin cewa ni ina da jirgin komawa gida ba, shi kuwa nan ne gidan.

'Yar Rusairis

Baba Malam, zan gwada amsa tambayarka, ko da yake amsar ba ta yi mini daɗi ba. Abin da muka so mu ba su a madadi shi ne ƙasa wadda ba a tambayar ƙabila a cikinta, kuma na yi imani mun kusa samun ta. A Damazin aka fara fitowa zanga-zanga a Disamba 2018, kafin Atbara ta ɗauka bayan burodi ya tashi daga fam 1 zuwa fam 3. Ina cikin zaman dirshan na gaban hedikwatar soji a Khartum daga 6 ga Afrilu 2019, ba da sanin mahaifina ba, kuma da kunnena na ji dubban 'ya'yan Khartum suna rera cewa ƙasar duka Darfur ce, suna yi wa mai wariyar launin fata tir. Na kira yayana a waya na ɗaga ta sama don ya ji, na ce masa zamanin Fallata ya wuce.

A Yulin 2022 faɗa ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jiharmu ta Nilul Azraƙ bayan an ƙi amincewa da buƙatar Hausawa ta samun masarautarsu, aka kashe mutum fiye da 100 a 'yan kwanaki, sannan a Oktoba aka kashe fiye da haka a Wad al-Mahi. Gidanmu yana cikin waɗanda aka ƙona. Wasu daga cikin waɗanda muka kwana da su a kan titi a 2019 sun kira ni, sun aiko da kuɗi, ba zan ci amanarsu ba, amma wasu sun rubuta a Facebook cewa masarauta ta masu ƙasa ce, baƙo ba ya sarauta. A ɗaya ɓangaren kuma, da na ce a sansanin da muka fake cewa maƙwabciyarmu, wadda ba Bahaushiya ba ce, ita ta ɓoye ƙannena biyu a ɗakinta har gari ya waye, kuma bai halatta a yi wa ƙabila duka kuɗin goro ba, sai yayana ya ce in rufe masa baki, karatun Khartum ya lalata ni. Har yau ina ganin neman masarautar kuskure ne, domin shiga layin rabon ƙasa da ƙabila ne maimakon a rushe layin, shi kuma har yau yana ganin wanda ba shi da sarki ba shi da mai yi masa magana. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 muka watse, yana Port Sudan, ina Kampala, mukan yi waya duk Juma'a amma ba ma taɓo wannan.

Jikan Mai Wurno

Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ƙanwata, ya mayar muku da alheri. Malam, ban yarda cewa sai an zaɓi ɗaya tsakanin allo da 'yanci ba, kuma har gobe ina ganin rataye Taha zalunci ne da ya kamata a zauren gidanmu a kira shi da sunansa. Sai dai zan ba ka wani abu da ya ƙarfafa maganarka. Da mahaifina ya rasu aka ba ni gafakarsa, na buɗe don in ɗauki Alƙur'aninsa na rubutun hannu, sai na tarar da takardar jinsiyyarsa a naɗe cikin leda har ninki uku, an cusa ta tsakanin bangon fata da shafin Fatiha. Duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin ya fito da ita ba, kuma mahaifiyata ta ce shekara tara ya yi yana nemanta. Tana wurina yanzu a Alƙahira, ban raba ta da gafakar ba.