Motar da inshora ta taɓa biyan diyyarta a Amurka, in saya ko in haƙura?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah shawara nake nema, zuwa Asabar nake so in yanke. Akwai wata Corolla 2013 da na gani wajen wani dila a nan Kano, tokumbo ce ko lamba ba a yi mata ba, fenti fes, AC na sanyi, mun zaga da ita har titin Zariya ban ji komai ba. To kuɗinta ya yi ƙasa da na ire-irenta da kusan miliyan ɗaya da rabi, shi ne abin ya tsaya min a rai, sai ƙanena ya ɗauki lambar shasi ya biya aka ciro mana rahoton Carfax, kamfanin da ke ajiye tarihin motoci a Amurka, muka ga ta taɓa hatsari, kamfanin inshora ya biya mai ita ya karɓe motar aka yi gwanjonta, takardarta salbej ce. Na koma wajen dilan ya ce min ɗan gogawa ce kawai a bamba. Wallahi shekara uku ina tara kuɗin nan, kuma motar iyali za ta zama, da ita zan dinga kai yara makaranta da zuwa gida Gumel. Ya kuka gani?

Usta_Fanteka:
Wa alaikumus salam Malam. Ni makanike ne a Kaduna, kuma gaskiyar magana da yawan tokumbon Amurka da ke kan titinmu daga gwanjon Copart ko IAA suka fito, kalmar salbej ita kaɗai kar ta firgita ka. A can kuɗin aikin hannu tsada ne da shi, idan mota ta kwana biyu sai inshora su yi lissafi su ga gyaran ya kusa kamo darajar motar, a jihohi da dama in ya kai wajen kashi 75 cikin 100 shi kenan sun biya mai ita sun sallame ta, alhali a nan mai fanel bita zai gama aikin a sati ɗaya. Wata ma ƙanƙara ce ta lotsa mata jiki, wata sace ta aka yi aka gano ta bayan an riga an biya.

Abin tambaya shi ne ina ta bugu kuma yaya aka gyara. Kar ka tsaya kan bakin dila. Lambar shasin nan mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ka fara haɗa ta da ta jikin ginshiƙin ƙofa ka ga sun yi daidai, sannan ka rubuta ta a Google, sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna fitowa ka ga motar yadda take kafin a taɓa ta. In ka ga iyabag, wato jakar iskar da ke kare mutum lokacin hatsari, a fashe a hoton to dukan gaba ne mai ƙarfi. Ka murɗa makulli ka kalli fitilar iyabag, ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu, in ba ta kama ba sam to an kashe ta ne don a rufe maka ido, kuma na sha buɗe sitiyari in tarar babu komai a ciki. Wannan ya fi komai ɓata min rai a sana'ar nan, domin da ran mutane ake wasa. Sai ka hau da ita rami, a duba ƙafafun shasi ko an ja su ko an yi walda, ka bi jiki da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe fila ce aka cika.

Maman_Sadiq:
Ɗan'uwa don girman Allah ka duba ko ta ruwa ce. Mu an sayar mana da wata a 2018, ashe tana cikin waɗanda ambaliyar guguwar Harvey ta shanye a Texas a 2017, ba mu sani ba sai daga baya. Wata huɗu lafiya lau, daga nan yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta riƙe, jibi ta mutu a tsakiyar hanya da yara a ciki da daddare, mun canza birenbos, wato kwamfutar motar, har sau biyu, ƙarshe da asara maigidan ya rabu da ita. Ka ɗaga kafet, ka leƙa ƙarƙashin kujeru ka ga ko ƙarafan sun yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko da shatin laka, ka shinshina but wajen safaya. Ta hatsari ana gyarawa, ta ruwa kam ni ko kyauta ba na so.

Dan_Kwatano:
Abin da Usta ya faɗa haka yake. Ƙari uku. Carfax abin da aka kai rahoto a can kawai yake nunawa, duk abin da ya same ta bayan ta sauka Legas ba za ka gani ba, amma ka haɗa mil ɗin da ke rahoton da na kan mita, ana mayar da shi baya sosai. Sannan takardun kwastan, a Janairun 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, wani lokacin arhar daga fasa-ƙwauri take ba daga hatsarin ba. Kuma ka tuna ranar sayarwa, yanzu yara kowa ya iya duba lambar shasi a waya, ragin da aka yi maka kai ma sai ka yi wa wani.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya Allah Ya mayar muku da alheri, na duba rahoton babu maganar ruwa. Amma mun samo hotunan gwanjon daren jiya, ba gogawa ba ce, gaban dama ne ya shige har fitila da radiyeta, kuma iyabag ɗin direba a fashe. Abin da ya fi damuna ma ƙaryar da dilan ya yi min. Usta in an sa wani iyabag ɗin, shasi kuma lafiya, za ka ɗauki iyalinka a ciki?

Usta_Fanteka:
In na gani da idona, eh. Ka ce wa dilan gobe za ka zo da makanikenka, ba nasa ba, a sa mata kwamfuta a karanta ɓangaren iyabag, a duba bel ɗin direba domin shi ma yana ƙullewa lokacin dukan kuma da yawa ba sa canza shi, a kai ta alaimen a ga ko tayoyin huɗu sun miƙe. In ya yarda kuma komai ya fita, ka nuna masa hotunan ka sake neman ragi. In ya fara cewa akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi anjima, ka bar masa motarsa, Corolla ba ta ƙare a Kano ba.